Na Karɓi Ɗan Kyanwa Maraya, Tsohuwar Kyanwata Ta Ƙaurace Wa Gida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina da 'ya'ya uku. Muna da kyanwa da muke kira Gimbiya, shekararta biyar a hannuna. Tun tana 'yar mitsitsiya na raine ta, kuma tunda ta girma ɓera bai sake taɓa mana buhun masara ba. Kwana tara ke nan da ɗana na tsakiya, mai shekara takwas, ya dawo daga Islamiyya da ɗan kyanwa namiji a cikin hularsa. A bakin kwata ya tsince shi yana rawar sanyi, masu shagon wurin suka ce uwar ta kwana biyu ba a gan ta ba. Tausayi ya kama ni na ce a bar shi, yara suka sa masa suna Auta.

Na ɗauka Gimbiya za ta karɓe shi tunda ta taɓa haihuwa. Ina ajiye shi a gabanta ta kumbura, ta yi huci, ta kai masa mari, ta haye katanga. Tun ranar ba ta kwana a falo, abinci ma sai ta sunsuna ta juya. Shekaranjiya ta yi fitsari a kan dardumar sallar Abban yara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce kishi ne, gida ba zai ɗauki kyanwa biyu ba, a sa ƙaramin a buhu a kai shi kasuwa. Yaron ya kwana yana kuka. Na ce to bari in rufe Auta a sito na ɗan lokaci, sai Hajiya, surukata da muke zaune tare, ta ce kul, kulle kyanwa ne ya kai wata mata wuta, in bar su su daku su gaji za su shirya don kansu. Anti, na rasa ta cewa. Ba na son rasa Gimbiya, ba na son karya zuciyar yarona, ba na kuma son gardama da maigida da mahaifiyarsa a kan kyanwa. Mece ce mafita?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kafin komai ki shafa kan yaron nan ki sa masa albarka. Yaro ɗan shekara takwas da zai ga halitta tana rawar sanyi a bakin kwata ya cire hularsa ya sa ta a ciki, tarbiyya ce ta fito fili, kuma ke kika yi ta. Sannan ki kwantar da hankalinki, kwana tara ba komai ba ne a wurin kyanwa. Abin da kika gani shi kusan kowa ke gani idan aka dire baƙuwar kyanwa a gaban ta gida rana ɗaya ba shiri. An yi gaggawar haɗa su ne, kuma wannan yana gyaruwa.

Bari in fara da Gimbiya, don ita ake yi wa mummunar fahimta a gidan. Tsoro ne ke damunta, ba kishi ba. Mu da ido muke gane gidanmu, ita kuwa da hanci. Kin sha ganinta tana zagaya falo tana goga kumatunta a ƙafar kujera, a bakin ƙofa, a ƙwaurinki idan kina tsaye a kicin. Mukan ce shagwaɓa ce, alhali aiki take yi. A fatar kumatunta da goshinta da haɓarta da tafin ƙafarta akwai wurare masu fitar da wani wari da hancin mutum ba ya ji, da shi take yi wa kowane lungu alama cewa nan nata ne, nan babu haɗari. Shekara biyar tana wannan aiki a gidanki. Sai ta wayi gari warin wata kyanwa ya cika falo, yana hannunki, yana jikin yara, yana kan tabarmar da take kwanciya. Ke maraya kika gani, ita kuwa ta ga wanda zai raba ta da abincinta da makwancinta da mafakarta.

Wannan hali gado ne. Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda kowacce ke farauta ita kaɗai a yankinta. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, kyanwoyi suka biyo ɓerayen, wato dai aikin da Gimbiya ke yi wa buhun masararki. Ta saba da mutum, amma ba ta zama dabbar garke irin tumaki ba. Takan zauna lafiya da waɗanda suka tashi tare, baƙo kuwa sai a hankali. Haihuwar da ta yi ba za ta sa ta rungumi ɗan wata ba, don ko nata na cikinta idan suka yi wayo da huci da mari take fara korarsu.

Fitsarin darduma ma daga nan ya fito. Kyanwar da hankalinta ya tashi takan nemi inda warin mutanenta ya fi ƙarfi, katifa ko tulin wanki ko darduma, ta sa nata a kai. Ba ramuwa take yi ba, ba ta san darajar abin da ta ɓata ba. Amma ki sa mata ido, domin tashin hankali kan jawo wa kyanwa kumburin mafitsara. Idan kika ga tana yawan tsugunno fitsarin na fita ɗis-ɗis, ko da jini a ciki, ko tana kuka lokacin yi, a kai ta wurin likitan dabbobi ba jira. Haka batun abinci. Ki tambayi maƙwabta ko tana ci a wurinsu, don kyanwar da ke hawa katanga ba ta rasa gidan da ake jefa mata kan kifi. In kuwa kin tabbatar ta yi kwana biyu cur ba ta sa komai a bakinta ba, ita ma asibiti, domin kyanwa ba ta jure yunwa. In ta daɗe ba ta ci ba kitse kan taru a hantarta, musamman mai jiki, kuma ciwo ne mai kisa.

Abban yara yana da gaskiyarsa, kada ki raina ta. Mutum ya ɗauko darduma zai yi salla ya tarar da najasa, dole ransa ya ɓaci, kuma ba shi ya kawo baƙon ba. Kada ki tare shi da dogon bayani a kan halin kyanwa yana cikin fushi. Ki fara da gyara abin da ya ɓaci. Ki jiƙa dardumar da ruwa mai yawa, ki wanke da garin sabulu, ki ɗauraye da ruwan da aka zuba ɗan khal, ki shanya a rana ta bushe ƙayau. Inda take shimfiɗe ma a goge shi haka, don muddin hancin Gimbiya na jin saura za ta koma. Daga yau darduma a ninke ta a ɗora sama da zarar an idar, ɗakinsa kuma a riƙa jan ƙofa. Bayan ya huce ki same shi ku kaɗai, ki nemi abu ɗaya mai iyaka. Ki ce masa, "Ka ba ni wata biyu in gwada raba su. Ƙaramin ba zai shiga ɗakinka ba, wahalarsa tana wuyana. In wata biyu ya cika ba su daidaita ba, ni da kaina zan nema masa gida." Mutum ya fi saurin yarda da abin da ya san ranar ƙarewarsa. Maganar buhu kuwa, na fi zaton zafin rai ne ya faɗe ta. Ɗan kyanwar da ya shiga hular yaro ko ƙadangare bai iya kamawa ba, in aka zubar da shi a kasuwa yunwa ko kare ko tayar mota ne za su ƙarasa shi, yaronku kuma zai riƙe abin a ransa har girma. Wannan na ƙarshen ki faɗa masa a hankali. Uba ne, zai ji.

Hajiya kuma hadisi ingantacce ta kawo, yana cikin Bukhari da Muslim: wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Sai dai a cikin hadisin an bayyana laifinta. Ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ke kuwa ɗaki mai ɗumi za ki ba Auta, da abinci sau huɗu a rana, da ruwa, da mai zuwa wasa da shi, na 'yan makonni kawai, don kare lafiyarsa. Tsoron Allah ne ya sa Hajiya ta yi magana, don haka kada ki mayar da abin muhawara. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, maganarki ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake so ki riƙa duba mana shi. In kin ga an bar shi ba ruwa ko ba abinci ki yi mana faɗa." Kin ba ta girmanta, kin kuma samu mai taya ki lura. Inda ba zan bi ta ba shi ne a bar su su daku. Gimbiya za ta kai kilo uku ko huɗu, Auta bai cika ɗaya ba, cizo ɗaya a wuya ko farce a ido ya isa. Ko bai ji ciwo ba, kowace karawa ƙara tabbatar mata take cewa wannan abokin gaba ne, kuma kyanwa mai hanyar fita irin Gimbiya ƙarshenta ta koma wani gida gaba ɗaya. Abin da kike tsoro ke nan.

To, ga yadda za a yi. Yau ɗin nan ki mayar da Auta ɗaki guda mai ƙofa, wanda Gimbiya ba ta damu da shi ba. Kin ambaci sito, amma in nan ne wurin farautarta ki zaɓi wani, kada ki ƙwace mata abin da ta fi so. In siton ne kaɗai ake da shi, ki fitar da shinkafar ɓera da fiya-fiya da kalanzir, ki toshe ramukan da zai iya shigewa. Ki sa masa kwali da aka yanke wa ƙofa, da tsohon zani a ciki. Tunda da rawar sanyi ya zo, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki naɗe da tsumma ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, yadda in zafi ya ishe shi zai matsa. Kwanon abinci da na ruwa a kusurwa ɗaya, ƙaramin baho marar zurfi da yashi a kusurwa mafi nisa, don kyanwa ba ta son ci kusa da inda take bayan gida. Bayan ya ci ki ɗora shi a kan yashin, sau biyu sau uku zai gane, tona da binnewa a jininsu yake. A kwashe kashin kullum. In kina da juna biyu kada ke ki kwashe, don akwai cutar da kan biyo kashin kyanwa ta taɓa abin da ke ciki. Wani ya yi, ya wanke hannu da sabulu.

Mako biyun farko na lafiya ne kafin su zama na sabo. Ɗan da aka tsinta a kwata yakan zo da tsutsar ciki da ƙuma, wani lokaci da murar kyanwoyi mai sa ido kwantsa, ko makero wanda ke kama yara ma. Akwai kuma wata muguwar cuta mai sa amai da gudawa da likitoci ke kira fanlukofeniya, tana kashe ƙanana cikin kwanaki, ƙwayarta kuma tana iya shekara a wuri ba ta mutu ba. Kun yi sa'a kuna Zariya, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Ki sa shi a kwalin da aka huhhuda ku je a duba shi, a kimanta makonninsa, a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa. Allurar rigakafin cututtukan kyanwa ana fara ta ne daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. In ba a taɓa yi wa Gimbiya ba, wannan ne lokacin, tunda tana yawo a waje. Kuma ina roƙonki, kada kowa ya ba su maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Maganin ƙuma da kaska na karnuka ma da yawansa guba ne gare ta, haka fesa mata maganin sauro.

Abincinsa kuwa, kyanwa maciyar nama ce zalla. Tuwo ba ya riƙe ta, miyarmu kuma da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata mata jini. Madarar da muke ganin gata ce yawancinsu zawo take sa su, zawo kuwa yana saurin kayar da ƙarami. Ki ba shi dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya tas, ko naman kaza, ko dafaffen ƙwai, a dagargaza da ɗan ruwan ɗumi, ba gishiri ba dunƙule, kaɗan-kaɗan. In da hali, abincin 'ya'yan kyanwa na kanti ya fi cika, likitan zai nuna miki.

Bayan likita ya ce lafiyarsa ƙalau sai a shiga aikin sabo, kuma da hanci za a fara, ido sai daga baya. Ki samu tsofaffin safa biyu. Ki shafa ɗaya a kumatun Auta da haɓarsa, ki ajiye a tsakar gida nesa kaɗan da inda Gimbiya ke cin abinci. Kada ki kai mata hanci, ki bar ta ta je don kanta. Ɗayar ki shafa a kumatunta ki kai ɗakinsa. Kullum a sabunta. Na taɓa yin wannan a gidana da wata baƙar kyanwa tsohuwa da ba ta son ko inuwar wata. Ranar farko ta tsaya taku uku daga safar, ta miƙa wuya, ta ɗan buɗe baki kamar mai ɗanɗana iska, ta yi wa safar huci ta tafi. Rana ta huɗu ta sunsuna ta wuce shiru. Rana ta shida na fito da asuba zan ɗora ruwan zafi na tarar da ita kwance, rabin jikinta a kan safar. Ranar na san za a daidaita, ko da yake sai da aka ƙara kusan wata guda kafin su ci abinci a ɗaki ɗaya.

Idan safar ta daina tayar mata da hankali, ki fara matso da kwanonta wajen ƙofar ɗakinsa, shi yana ci a ciki ita tana ci a waje, ƙofa a rufe. Ki fara daga nesa, inda za ta yarda ta ci, kullum ki matso taku ɗaya. In ta ƙi ci kin yi kusa da yawa, ki koma inda kika baro. Abin da ta fi so, kan kifi ne ko ɗan nama, ki riƙa ajiye shi sai wannan lokacin, don ta haɗa warin baƙon da abin daɗi. Idan ta fita yawonta ki saki Auta ya zaga falo na rabin awa ki mayar da shi, in ta dawo ta tarar da warinsa ba ta tarar da shi ba. Wata rana kuma a ɗauke shi a bar mata ɗakinsa a buɗe ta shiga ta bincika.

Sannan a zo ga gani. Ki buɗe ƙofar faɗin yatsu biyu ki tokare ta da dutse ciki da waje, ko ki kafa ragar taga a bakin ƙofar, su ga juna ba mai iya kai wa wani. Minti biyu, minti biyar, ki rufe tun ana lafiya. Huci ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, magana ce, tana ce masa tsaya nan. Jikinta za ki duba. In ta kwantar da kunnuwa baya, jela ta kumbura, ta kafe shi da ido tana dogon gurnani, a rufe a koma baya na kwana biyu. In kuwa ta kalle shi ta kau da kai, ta lumshe ido, ko ta zauna tana lasar ƙafarta, an samu abin da ake nema. Daga nan sai haɗuwa a fili kina wurin, bayan an yi wasa da Auta ya gaji ya kuma ƙoshi, domin ɗan kyanwa bai san girma ba, jelar babba abin wasa ce a wurinsa. Kada a riƙe ɗaya a kai shi gaban ɗaya, kada a toshe mata hanyar fita. Ki tabbatar tana da wurin hawa da shi ba ya kaiwa, saman durowa ko taga ko tulin buhuna, don kyanwar da ke kallo daga sama hankalinta ya fi kwanciya. In ya dame ta ta kai masa mari ba ta fito da farce ba, ya ja baya, ki ƙyale su, koya masa iyakarsa take. In ya zama kokawa da ihu gashi na tashi, kada ki sa hannu. Ki zura faifai ko kwali a tsakaninsu, ko ki jefa zani a kan ɗaya ki ɗauke. Ba duka, ba tsawa, don tsoron da kika ba ta, da Auta za ta haɗa shi. Wanda aka ciza ko aka yakusa har jini, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa na minti 15, a tafi asibiti ranar, a faɗa musu ko an yi wa dabbar allura ko ba a yi ba.

Ko bayan sun saba kada su haɗa kwano, kowa da nasa, nesa da juna. Bahon yashi ma likitocin dabbobi kan ce a lissafa kyanwoyin a ƙara ɗaya, wato uku ga biyu. Na san Gimbiya a waje take nata, amma a wannan lokacin ki ajiye mata ko guda a wurin da ba hayaniya, zai taimaki dardumar maigida.

Wani abu da nake kusan tabbata yana faruwa a gidanki ko ba ki rubuta ba: yara duk sun koma kan sabon, Gimbiya ba mai kiran sunanta. Ki gyara wannan. Ita za a fara ba abinci, a lokacin da ta saba, a inda ta saba. In tana hawa cinyarki bayan isha, ki zauna a wurin a lokacin ko ba ta zo ba, hannunki a wanke daga taɓa Auta. Babban ɗanki ko ƙaramin ki ba shi amanar Gimbiya. Mai hula kuwa Auta nasa ne, shi zai canza masa ruwa kafin ya tafi makaranta, shi zai yi masa wasa safe da yamma da gashin kaza a ɗaure a igiya. Kada ya yi masa wasa da yatsu, don zai koyi cizo, kuma in an gama a ɗauke igiyar, haɗiye zare na iya tsinka hanjin kyanwa. Ki gaya masa gaskiya a kan wata biyun da kika roƙa, kada ya ji daga sama. Ki ba shi labarin sahabi Abu Huraira, wanda 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan laƙabi, ya san abin da ya yi yana da asali.

Akwai maganar da za ta taso nan da 'yan watanni, gara ki shirya mata. Auta namiji ne, Gimbiya kuma tana haihuwa. Wajen wata biyar zuwa shida muzuru kan balaga, ya fara fesa fitsari mai ƙarfin wari a bango da labule, ya fara yawon dare da faɗa. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kawai, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda fitsari ɗaya ya ɓata masa rai ba zai jure na muzuru ba. Likitoci na yi wa namiji fiɗiya da allurar barci, ƙaramin aiki ne da ke warkewa cikin kwanaki, yana kuma rage fesa fitsari da yawo da faɗa ƙwarai. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba, wasu sun ƙyamace shi. Ku tambayi malamin da kuka natsu da shi tun yanzu. Ni dai a ganina, in za a riƙe shi a gidan, a yi.

Kada ki sa ran lallai sai kin gan su kwance suna lasar juna. Wasu kan kai can, wasu kuwa iyakarsu su wuce juna a tsakar gida ba huci, kowa ya ci nasa ya kwana a gefensa, kuma wannan ya wadatar. In wata biyu ya cika Gimbiya ba ta dawo cin abinci a gida ba, tana ramewa, ko tana fakon Auta tana kai masa hari, ki cika alkawarin da kika yi wa maigida. Kafin ki duba waje ki duba sashen Hajiya. Wanda ya yi wata biyu yana duba ruwan ɗan kyanwa yakan shaƙu da shi, kuma in ya zauna a wurinta ƙofa a rufe da dare, kowacce kyanwa ta samu yankinta. In hakan bai yiwu ba, Auta za a nema wa gida, ba Gimbiya ba, don ƙarami ya fi saurin sabo da sabon wuri, ita kuwa nan ne duniyarta. Ki nemi gidan 'yan'uwa na kusa inda yaron zai riƙa zuwa ganinsa, a kai shi da kwalinsa da zaninsa, ga allurarsa an fara, ga shi ya iya yashi. Irin wannan ba ya wuyar samun mai so.

Yau da magariba, bayan kin rufe Auta a ɗakinsa ya ci ya kwanta, ki fito tsakar gida da ɗan dafaffen kifi a kwanon Gimbiya. Ki kira ta da muryar da kika saba, ki ajiye kwanon a gindin katanga, ki koma gefe ki zauna ba tare da kin kalle ta ba. Ko ba ta sauko yau ba, gobe ki sake a daidai wannan lokacin. Bayan mako uku ki rubuto mini ki gaya mini ko ta ci, ko ta fara kwana a falo, da abin da ta yi wa safar. Ki gaishe mini da Hajiya da mai hula.

Antinku